Lambar da ke mulkin rayuwar matuƙin jirgin sama

Likitan da ya shekara 20 yana fiɗa, in ya bar asibitinsa ya koma wani, da girmansa yake tafiya. Haka lauya, haka injiniya. Matuƙin jirgin sama kuwa, a yawancin manyan kamfanonin duniya, ranar da ya ajiye aiki ya koma wani kamfani a bakin ƙofa yake barin shekarunsa. Kyaftin mai awa 15,000 a sararin sama sai ya koma kujerar dama a matsayin mataimaki, sunansa a ƙasan na saurayin da ya riga shi shigowa da mako ɗaya tak. Takardunsa na nan, gwanintarsa na nan, amma matsayinsa na sabon shiga ne. Duk muhawarar da matuƙa ke yi a kan wane kamfani ya fi, ko wane irin tuƙi ya fi daɗi, a kan wannan tsari take tsaye. Wanda bai san shi ba zai ɗauka zancen albashi da girman jirgi kawai ake yi.

Ranar da kamfani ya ɗauki matuƙi ana ba shi lamba a jerin ma'aikata, kuma ranar shigarsa ce ke yanke inda lambar za ta faɗa. Daga nan komai da ita ake raba shi. Kowane wata kamfani yana fitar da tafiye-tafiyen da za a yi, kowa ya rubuta abin da yake so, a fara bai wa na sama, a gangaro. Wanda ke can ƙasa ragowa yake samu: tashin asuba, kwanan hanya a ƙarshen mako, aiki a ranakun bukukuwa, ko zaman jiran kira, inda mutum zai wuni da waya a hannu da jaka a shirye, ba ya aiki kuma ba ya hutu. Garin da za a ajiye ka, samfurin jirgin da za ka tuƙa, watan da za ka tafi hutun shekara, ranar da za ka tsallaka kujerar hagu ka zama kyaftin, duk lambar ce. In kuma kasuwa ta faɗi aka tashi rage ma'aikata, daga ƙasa ake farawa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, in ji masu magana, sai dai a nan har ranar ritaya ba za ka cim masa ba.

Wani zai ce ai wannan zalunci ne ga mai hazaƙa. Ni ban ga haka ba, ko da yake tsarin yana da tsada. A aikin da kowa dole ya ci jarrabawa iri ɗaya a na'urar kwaikwayon tuƙi sau ɗaya ko biyu a shekara, da wuya a sami ma'auni na gaskiya da zai ce wane ya fi wane. Abin da manaja zai iya ƙirgawa shi ne wa ya fi tashi a kan lokaci, wa ya fi tsimin mai, wa bai taɓa cewa ya gaji ba. In aka ɗora ƙarin girma a kan waɗannan, to an koya wa kyaftin ya kau da kai daga ƙaramar matsalar inji, ya kutsa cikin hadari, ya ɓoye gajiyarsa. Jerin shiga shi ke ba shi bakin cewa wannan jirgi ba zai tashi ba, ba tare da fargabar gobe za a tsallake shi ba. Shi ya sa ƙungiyoyin matuƙa, irin su ALPA da aka kafa a Amurka a 1931, suka riƙe tsarin gam-gam.

Tsadar ita ce zaɓen wurin aiki ya zama caca ta shekara 30 ko 40. A shekarun 1960 babu matuƙin da zai raina kamfanin Pan Am na Amurka. Shi ke zagaya duniya, shi ya fara ɗaukar fasinja da Boeing 747 a 1970. A Disambar 1991 ya rufe, kusan watanni 11 bayan kamfanin Eastern ya riga shi. Wasu matuƙansa sun sami shiga kamfanin Delta tare da hanyoyin da Delta ya saya, sauran kuwa, da furfurarsu, suka bazama neman aiki daga ƙasan layi. Haɗewar kamfanoni ma ba ta fi rushewa sauƙi ba. Da kamfanin American ya sayi kamfanin TWA a 2001, an jera kaso mai yawa na matuƙan TWA a ƙarƙashin ƙananan matuƙan American, duk da shekarun da suka yi. Watanni kaɗan bayan cinikin aka kai harin 11 ga Satumba, aka fara sallama daga ƙasa, da yawansu suka tafi gida. Ɗacin abin ya kai har majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 2007 cewa in kamfanoni suka haɗe dole a haɗa jerin ma'aikatansu bisa adalci. US Airways da America West sun haɗe a 2005, amma rigimar wa zai hau kan wa ta sa matuƙansu suka ci gaba da aiki a jeri biyu kusan shekara 10, fentin jiragen ɗaya, masu tuƙa su suna gaban alƙali da juna.

Lambar mutum ba ta motsi sai na samansa sun bar aiki, darajarta kuma ba ta ƙaruwa sai an ɗauki wasu a ƙasansa. Saboda haka matuƙi mai lissafi, kafin ya dubi albashin shekarar farko, sai ya tambaya: mutum nawa za su yi ritaya a kamfanin nan cikin shekara 10 masu zuwa? Jiragen da ya yi oda, ƙari ne ko maye gurbin tsofaffi? Kamfanin da ke girma da sauri zai iya mayar da mataimaki kyaftin cikin 'yan shekaru. Tsohon kamfani mai suna da ya daina girma zai iya barin sa a kujerar dama shekara 15 ko fiye. Lokacin shiga ma yana da nasa hukunci, domin ɗaukar matuƙa takan zo da ƙarfi ne na wasu shekaru, sannan ta ɗauke ɗif. Wanda ya shiga a farkonta, cikin shekara 2 akwai ɗaruruwa ko dubbai a bayansa da suka zame masa garkuwa. Wanda ya shiga a ƙarshenta shi ne garkuwar. Ratar wata 6 a ranar shiga takan zama ratar shekaru a ranar zama kyaftin.

Akwai kuma abin da ba lissafin da ke hango shi. A 2006 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ɗaga shekarun da kyaftin zai kai yana tuƙa fasinja tsakanin ƙasashe daga 60 zuwa 65, Amurka ta bi sahu a Disambar 2007. Ga manya, ƙarin shekara 5 ne a kan albashi mafi tsoka. Ga na ƙasa, layi ne ya tsaya cak shekara 5, daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 2008. Kafin nan ma US Airways da United da Delta duk sun nemi kariyar kotu saboda bashi ya ci ƙarfinsu, tsarin fanshon matuƙansu ya rushe tsakanin 2003 da 2006, wata hukumar gwamnati ta karɓa tana biyan abin da ga da yawa bai kai alkawarin farko ba. Waɗanda suka shiga manyan kamfanonin a 2000 suna ganin sun tsinci dami a kala, da yawansu sun shafe shekaru a gida, ko a aikin da bai shafi jirgi ba, kafin a sake kiran su.

Batun kuɗi ma ba yadda ake zato yake ba. A Amurka da wasu wurare da awa ake biya, awar kuma tana farawa ne daga lokacin da jirgi ya saki birki a wurin ɗaukar fasinja zuwa lokacin da ya tsaya a wurin sauke su. Zagaya jirgi a duba shi, karanta rahoton yanayi, jiran fasinja, zaman awa 3 a filin jirgi tsakanin tashi biyu, galibi ba sa shiga ƙirgar kai tsaye, sai abin da ƙungiya ta ciwo a yarjejeniya. Doka kuma ta ƙayyade tuƙi: awa 100 cikin kwana 28, awa 1,000 cikin shekara a Amurka, a Turai kuwa awa 900 daga Janairu zuwa Disamba. Tunda iyakar ɗaya ce ga kowa, abin da ke bambanta rayuwar matuƙa biyu shi ne kwana nawa kowannensu ke kashewa kafin ya tara awanninsa. Mai dogon zango zai iya cika watansa da tafiya 3 ko 4. Mai gajeren zango yana iya fita aiki fiye da rabin kwanakin wata kafin ya kai wannan adadi. Kuɗin awa kuma yakan ƙaru da girman jirgi, shi ya sa manyan jirage masu faɗin ciki suke hannun 'yan saman jeri.

In ana maganar hannu, mai gajeren zango a kan Boeing 737 ko Airbus A320 shi ne ke tuƙi. Yana iya tashi ya sauka sau 4 a rana, wani lokaci fiye, cikin cunkoson sararin sama, a kamfanonin araha kuma ya sauke fasinja ya ɗebi wasu cikin minti 25 ko 30. Shekara ɗaya a nan tana ba shi saukar da mai dogon zango zai yi shekaru bai tara ba. Bambancin lokutan ƙasashe ba ya rikita masa agogon jiki, amma tashin ƙarfe 3 na dare kwana 5 a jere yana da nasa ciwo, balle in mako mai zuwa an juya shi aikin da ke ƙarewa bayan tsakar dare. Abin da ke jan mutane da yawa shi ne a wasu kamfanonin Turai kusan kullum a gida ake kwana. Ryanair ya daɗe yana tallata jadawalin kwana 5 aiki, kwana 4 hutu, wanda mutum zai ƙirga watanni gaba ya san ranar da zai kasance a gida. Ga mai ƙananan yara wannan yakan fi ƙarin albashi.

Dogon zango wata rayuwa ce dabam. Tafiyar Singapore Airlines daga Singapo zuwa New York a kan Airbus A350 tana cin awa 18 zuwa 19, da matuƙa 4 masu karɓar juna, biyu na tuƙi biyu na kwance a ɗan ɗakin barci da aka ɓoye a jikin jirgin. Ko a tafiyar awa 11 ma akan ƙara mutum na uku. Hutu yana da tsawo, ana ganin manyan birane, albashi ya fi kauri. Amma yawancin tafiye-tafiyen nan suna ratsa dare, kuma dokokin hutun matuƙa da kansu sun amince cewa tsakanin ƙarfe 2 na dare da 6 na safe jikin ɗan Adam yana kan mafi rauninsa, ko kofi nawa aka sha. Matuƙi ya dawo daga gabas bai gama warwarewa ba an tura shi yamma. Kwana biyun farko na hutunsa iyalinsa gangar jikinsa kawai suke gani. Wasu jikinsu yana ɗauka har tsufa, wasu shekara 3 sun sare, kuma ba wanda ya san ɓangaren da yake sai ya gwada.

Abin da ba a cika faɗa wa matasa ba shi ne dogon zango yana kashe hannu. Mutum 4 ne a tafiyar, sauka kuwa ɗaya ce tak. Doka ta ce sai matuƙi ya yi tashi 3 da sauka 3 cikin kwana 90 kafin ya ci gaba da ɗaukar fasinja, kuma akwai mataimaka a manyan jirage da ba sa cika wannan sai an kai su na'urar kwaikwayo. A Yulin 2013 Boeing 777 na kamfanin Asiana ya bugi katangar bakin teku a filin jirgin San Francisco, da rana, sama garau, kuma masu bincike sun nuna yadda dogaro da na'urorin tuƙi ya sa ba a sa ido a kan gudun jirgin yadda ya kamata ba. Shi ya sa nake ganin matashin da ya fara aikinsa kai tsaye a babban jirgi bai ci ribar da yake zato ba. Gara ya yi shekarun farko inda zai sauka sau ɗaruruwa cikin iska da ruwa, hannunsa ya faɗa, sannan ya nemi manya.

Daga nan za a gane abin da ke bai wa na waje mamaki, wato mataimakin da aka miƙa wa kujerar kyaftin ya ce a kai kasuwa. Wanda ya kai saman jerin mataimaka shi ke zaɓen ranakunsa da tafiyoyinsa. Ranar da ya tsallaka hagu ya zama ƙaramin kyaftin, ya koma jiran kira, wataƙila a wani gari, kuma bayan horo akan ɗaure shi a kujerar na wani lokaci ba damar komawa. A 2023 United ya yi fama da guraben kyaftin da ba masu nema, duk da ratar albashi. Mutanen sun auna ne suka ga kuɗin bai biya kwanakin ba.

Garin da za a ajiye mutum, a ganina, shi ya fi komai nauyi, kuma shi masu neman aiki suka fi rainawa. A Amurka matuƙa da yawa ba sa zama a garin da sansaninsu yake. Jirgi suke bi zuwa wurin aiki, a kujerar da ta rage ko a 'yar kujerar baƙo ta ɗakin tuƙi, in babu wuri su jira na gaba. Sukan haɗa kuɗi su kama ɗaki mai gadaje hawa-hawa kusa da filin jirgi. Kowace fita tana iya cin rabin yini a gaba da rabi a baya, duk daga cikin hutu, ba ko sisi. A daren 12 ga Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air mai lamba 3407 ya faɗi kusa da Buffalo a jihar New York, mutum 50 suka rasu. Bincike ya ɗora asalin abin a kan yadda kyaftin ya sarrafa jirgin lokacin da na'ura ta yi gargaɗin gudunsa ya yi ƙasa. Amma abin da ya girgiza jama'a shi ne irin rayuwar da aka bankaɗo. Mataimakiyar ta kwana ne a hanya daga Seattle zuwa Newark, daga wannan gaɓar ƙasar zuwa waccan, a cikin jiragen dakon kaya, albashinta kuma kimanin dala 16,000 ne a shekara.

Wannan haɗari ya sauya ƙofar shiga aikin a Amurka. Majalisa ta yi doka a 2010, daga 2013 kuma sai mai awa 1,500 ke iya zama mataimaki a kamfanin jigilar fasinja, da rangwame ga tsofaffin matuƙan soja da masu digirin tuƙi. Matashi yakan tara awannin nan yana koyar da ɗalibai a ƙananan jirage, sannan ya shiga ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin da ke yi wa manya jigila, irin su SkyWest ko Endeavor ko Envoy. A nan lissafin dabam ne, domin ba zama ya kawo shi ba. Yana neman inda zai zama kyaftin da wuri ya tara awannin shugabancin jirgi da manyan kamfanoni ke so. Wasu ƙananan, kamar waɗanda American ya mallaka, suna da yarjejeniyar wucewa kai tsaye zuwa uwar kamfani in layi ya zo kan mutum. Tabbas ne, amma mai jan ƙafa. Abokinsa da ya nemi aiki da kansa a wani wuri yana iya riga shi samun lamba da shekaru.

A Turai da yawancin Asiya da Afirka ba a bin wannan doguwar hanya. Ɗalibi mai awa 200 da ɗoriya yana iya zama a kujerar dama ta jirgin fasinja, ko ta makarantar kamfani, kamar yadda Ethiopian Airlines ke horar da nasa a Addis Ababa, ko ta makarantar kuɗi. Sai dai sau da yawa bashin da ke wuyansa ne ke zaɓa masa wurin aiki. Bayan lasisi akwai takardar shaidar samfurin jirgi, kowane iri da tasa, kuma tana da tsada. Wani kamfani zai biya ya ɗaure ka da yarjejeniyar shekaru, in ka tafi kafin lokaci ka biya sauran. Wani zai ce ka zo da abarka. Mafi muni shi ne inda matashi ke biyan kuɗi don a bar shi ya tuƙa fasinja ya tara awanni. Binciken da Jami'ar Ghent ta Beljiyam ta fitar a 2015 ya gano kusan 1 cikin 6 na matuƙan Turai da aka tambaya ba su da kwantiragin dindindin kai tsaye da kamfanin da suke tuƙa wa, wasu ta hannun dillalan ma'aikata suke, wasu a takarda masu zaman kansu ne. Da yawa daga irin waɗannan in ba su tashi ba ba a biyan su, kuma wanda ciwo ke nufin rashin albashi gare shi, an san shawarar da zai yanke ranar da ya wayi gari da mura. Ryanair ya shekara fiye da 30 bai yarda da ƙungiyar ƙwadago ba, sai a Disambar 2017, bayan rikicin jadawalin matuƙa ya sa ya soke dubban tafiye-tafiye, ga kuma barazanar yajin aiki dab da Kirsimeti.

Kamfanonin yankin Tekun Fasha sun buɗe wata ƙofa ga wanda ya gaji da jiran layi. Emirates manyan jirage kawai yake ɗaukar fasinjojinsa da su, don haka mataimakin da zai shekara 10 a wani wuri kafin ya taɓa Boeing 777 yana iya samun sa daga shigarsa Dubai. Ba harajin albashi, akwai gida ko kuɗin gida, akwai tallafin makarantar yara, wani lokaci ma akan ɗauki kyaftin kai tsaye ba tare da ya koma dama ba. Abin da mutum ya bayar a madadin wannan shi ne bakinsa. Babu ƙungiyar matuƙa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kamfani ke rubuta sharuɗɗan aiki kuma shi ke sauya su, izinin zama a ƙasar kuma a jikin aikin yake rataye. Tashin ƙarfe 2 ko 3 na dare abu ne na kullum a Dubai da Doha, domin a lokacin ne fasinjojin gabas da na yamma ke sauya jirgi. A 2020, da annobar korona ta tsayar da duniya, waɗanda aka sallama a can sun rasa aiki da gida da makarantar yara a lokaci guda. Cathay Pacific na Hong Kong, wanda a da ake kwatance da kwantiraginsa, ya rufe Cathay Dragon a Oktoban wannan shekara, ya soke guraben aiki kusan 8,500, ya ce wa matuƙan da suka rage su sa hannu a sabuwar yarjejeniya mai ƙarancin albashi ko su kama gabansu. Ban ce tafiya irin waɗannan wurare kuskure ba ce. Ga wanda ƙasarsa ba ta da kamfani mai ƙarfi, ko wanda nasa ya rushe kamar Jet Airways a Indiya da Thomas Cook a Birtaniya, duka a 2019, sau da yawa babu mafitar da ta fi ta. A dai shiga da sanin cewa kwangila ce, a yi tanadi tun daga albashin farko.

Dakon kaya yana da masoyansa, kuma suna da hujja. Kwali ba ya ƙorafi, ba ya suma a sama, ba ya zagin ma'aikata. FedEx da UPS sun daɗe cikin wuraren da suka fi biya, kuma lokacin korona, da aka jere jiragen fasinja a hamada, su aiki ne ya yi musu yawa. Amma a kan dare aka gina tsarinsu: jirage su taru a Memphis ko Louisville, ko Leipzig ga DHL, wajen tsakar dare, a rarraba kaya, su watse kafin asuba. Da Amurka ta fara aiki da sababbin dokokin hutun matuƙa a Janairun 2014 ba ta tilasta su a kan jiragen kaya ba, abin da matuƙan ke kuka da shi har yau. Sukan yi nuni da jirgin UPS da ya faɗi a Birmingham ta jihar Alabama da asubar 14 ga Agustan 2013, inda masu bincike suka lissafa gajiya cikin abubuwan da suka taimaka. Bayan annoba kasuwar kaya ta lafa, ɗaukar aiki ya tsaya, waɗanda suka ruga can a 2021 suka ga layinsu ya daina motsi.

Tuƙa ƙananan jiragen attajirai kuwa sai mai son sauyi. A kamfanin NetJets an san jadawalin kwana 7 aiki kwana 7 hutu, amma cikin kwanakin aikin matuƙi bai san garin da zai kwana gobe ba, kuma shi ke ɗaukar jakar fasinja ya kintsa cikin jirgi. Wanda ke tuƙa wa mutum ɗaya, aikinsa yana ƙarewa ranar da maigidan ya sayar da jirgin. Akwai kuma kamfanonin da ke bayar da hayar jirgi har da matuƙansa, masu bin lokacin kasuwa, bazarar Turai ko jigilar alhazai, inda ake shafe makonni a otal a ƙasar da ba a san kowa ba.

Duk wannan lissafi a kan takardar likita yake zaune. Kowace shekara ake gwada lafiyar matuƙi, in shekaru sun ja kuma kowane wata 6, kuma ciwon da ba zai hana akawu zuwa ofis ba zai iya ajiye shi a ƙasa watanni ko har abada. Saboda haka abin da kamfani ke biyan wanda ya rasa lasisi saboda rashin lafiya yana cikin manyan bambance-bambancen da ke tsakanin wurin aiki da wurin aiki. Ɗan shekara 25 ba ya karanta wannan shafi na kwantiragi, ɗan shekara 50 kuwa da shi yake farawa.

Shekarun baya-bayan nan sun sake nuna yadda abin ke juyawa. A 2020 manyan kamfanonin Amurka sun lallaɓa dubban tsofaffin matuƙa suka yi ritaya da wuri. Da fasinjoji suka dawo sai aka rasa masu tuƙi, aka shiga ɗauka ba ƙaƙƙautawa daga 2021 zuwa 2023. A Maris na 2023 matuƙan Delta suka amince da yarjejeniyar ƙarin albashi na kashi 34 cikin 100 a tsawon shekara 4, American da United suka biyo baya cikin shekarar. A 2024 kuma Boeing ya kasa kawo jirage a kan lokaci, matsalar injinan Pratt & Whitney ta ajiye jiragen Airbus da yawa, United da Southwest suka dakatar da ɗauka, Spirit ya tura matuƙa gida ba albashi, sannan ya nemi kariyar kotu a Nuwamba. Wanda ya sami lamba a 2021 da wanda ya samu a ƙarshen 2023 shekarunsu na iya zama ɗaya, amma aikinsu ba zai taɓa zama iri ɗaya ba.

A cikin wannan hali aka sake taso da zancen ɗaga shekarun ritaya zuwa 67. Majalisar wakilan Amurka ta amince da shi a 2023, ƙananan kamfanonin da ke rasa kyaftin-kyaftin suka mara masa baya, ALPA ta ƙi, kuma dokar da aka sa wa hannu a Mayun 2024 ta bar shi a 65. Waɗanda ke tsakiyar jeri ba su manta da 2007 ba. Akwai kuma cikas na aiki: tunda iyakar ICAO ga tafiyar ƙasa da ƙasa 65 ce, kyaftin ɗan shekara 66 ba zai ci gaba da kai Boeing 777 ƙetare ba. Sai ya yi amfani da lambarsa ya sauko jiragen cikin gida, a sake horar da shi, ya ture wanda ke kujerar, shi ma ya ture na ƙasansa, har abin ya isa kan sabon shiga.